Pookila, ɗan ɓeran Ostireliya: raguwa ya yi da gaske, ko ƙirga shi ne ya gagara?

Ɗalibin_Halittu

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Akwai abin da ya ɗaure mini kai tun makon jiya, ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su warware mini. A shekarar 2021 duniya ta ga hotunan yadda ɓeraye suka mamaye gonaki da rumbuna a jihar New South Wales ta Ostireliya, har suna kwarara daga cikin hatsi kamar ruwa. Sai ga shi na karanta cewa a wannan ƙasar dai akwai wani ɗan ɓera ɗan asali da ake kira pookila, masana kuma suna ce masa *Pseudomys novaehollandiae*, wanda gwamnatin tarayya ta saka cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu tun 2010, har ana kiwonsa a gidan namun daji don kada ya shuɗe. Na duba hotonsa ban ga abin da ya raba shi da ɓeran gida ba, kuma abin da na sani tun ina yaro shi ne ɓera ba ya ƙarewa, in an kashe goma ashirin za su fito. Zatona, kafin a gyara mini, shi ne dabbar tana nan da yawanta, ƙanƙantarta da yawon darenta ne suka sa masana ba sa iya ƙirga ta. Mene ne gaskiyar lamarin?

Malama_Tsirrai

Wa alaikumus salam, ɗana. Kama da wane ba ta wane, kuma a nan ne kuskuren ya faro. Ɓeran da ya yi ɓarna a 2021 ɓeran gida ne, *Mus musculus*, baƙo ne a Ostireliya, jiragen ruwan Turawa ne suka kai shi, su kuwa Turawan Ingila sun fara zama a can ne a 1788. Kakannin pookila kuwa sun tsallaka daga Asiya ta tsibirin Niyu Gini kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce, suka bazu a nahiyar suka rarrabu zuwa jinsuna da dama, wasu na sahara, wasu na duwatsu, wasu na bakin ruwa. Sunan zuriyar tasu ma, *Pseudomys*, ma'anarsa a Girkanci "ɓeran ƙarya", wato mai kamar ɓeran da Turawa suka sani amma ba shi ba. Mutane da yawa suna ɗauka duk wata dabba mai shayarwa ta Ostireliya mai jaka ce a ciki kamar kangaru, alhali akwai jinsunan ɓeraye 'yan asali kusan 60 a ƙasar. Pookila ba ya shiga gida, ba ya zuwa rumbu. Inda aka fi samunsa shi ne ƙasa mai yashi kusa da gaɓar teku, cikin sarƙaƙiyar gajerun tsirrai da ke kai wa mutum gwiwa ko ƙugu, daga kudancin Kwinsilan, ta New South Wales da Biktoriya, har arewa maso gabashin Tasmaniya. Dabbar da ta dogara da irin wannan wuri, in wurin ya lalace ba ta da inda za ta nufa.

Baba_Mai_Nazari

Malama ta yi bayani mai kyau, amma ina ganin bai kamata a yi watsi da zaton yaron nan ba, domin tarihin dabbar yana goyon bayansa. Wani masanin dabbobi ɗan Ingila, George Waterhouse, shi ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1843, daga nan aka shafe fiye da shekara 100 babu masanin da ya sake tabbatar da ganinta. Sai a 1967 aka same ta a gandun Ku-ring-gai Chase, wanda yake daf da birnin Sidni ta arewa. Ku lura, ba a can ƙuryar sahara aka same ta ba, a bakin birni mafi girma a ƙasar ne, inda jami'o'i da gidajen adana kayan tarihi suke. Bayan nan aka gano ta a Biktoriya a 1970, sannan a Tasmaniya cikin shekarun 1970. Duk tsawon wancan lokaci tana nan tana haihuwa ba wanda ya sani. Wanda ya san wannan labari yana da hujjar tambaya ko rashin ganin da ake yi yanzu ma irin wancan ne.

Ɗalibin_Halittu

Na gode Baba, wannan shi ne ainihin abin da ke raina, sai dai ban san shekarun ba sai yanzu.

Yaya_Na_Melbon

Ƙanena, bari in ba ka abin da idona ya gani, domin lokacin da nake karatu na bi masu bincike a matsayin ɗan sa-kai zuwa yankin tafkunan Gippsland a gabashin Biktoriya har sau biyu. Tarkon da ake amfani da shi ƙaramin akwati ne na alminiyam mai ninkewa, ba ya kashewa. Ana cuɗa hatsin ots da niƙaƙƙiyar gyaɗa da ɗan abin zaƙi a dunƙula a saka can ciki, a ƙara ɗan abin shimfiɗa saboda sanyi, a jera tarkunan da yamma cikin tsirrai, kowanne da alamar ƙyalle a reshe. Kafin fitowar rana ake komawa, domin in rana ta ɗaga akwatin zai yi zafi ya illata abin da ke ciki.

A tafiyar farko mun yi kwana uku ba mu kama ko ɗaya ba, sai ɓerayen gida da wasu manyan ɓerayen daji. A ta biyu ne, da asubahin rana ta biyu, jagorarmu ta juye wani tarko cikin jakar yadi, ta riƙe ƙeyar abin a hankali ta fito da kansa ta ce in matso. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne idanun, manya ne baƙaƙe, sun ɗan fito waje, fuskar kuma ta fi ta ɓeran gida faɗi da taushi. Cikinsa fari-fari ne, ƙafafunsa farare, wutsiyar ta ɗan fi jikin tsawo, samanta duhu ƙasanta haske. Ta ce in sansana jakar, ban ji komai ba sai ƙamshin ƙasa, alhali duk tarkon da ɓeran gida ya kwana ciki tun kafin a buɗe shi hanci yake sanar da mutum. Da aka ɗora shi a ma'auni bai kai gram 20 ba. Da aka sake shi bai yi firgigit ba, ya ɗan tsaya a kan yashin, sannan ya shige ƙarƙashin tsirrai.

Don haka na yarda cewa samunsa yana da wuya, kuma a daren da farin wata ya yi haske sosai ƙananan dabbobin nan ba sa yawan fitowa. Amma masu binciken sun san da haka, shi ya sa ba sa yanke hukunci da zuwa ɗaya. Suna komawa wuri guda shekara da shekaru, da tarko da kuma kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta in ta ji motsi.

Ummu_Hanifa

Yaya, idan wari da girman ido ne kawai shaidar, ai mutum zai iya kuskure, musamman in ɗan ƙarami aka kama. Babu wata alama da ba ta da shakka?

Likitan_Dabbobi

Akwai, Hajiya, har guda biyu. Idan aka dubi haƙoran gaba na sama na ɓeran gida daga gefe, akwai 'yar tsaga a bayan bakin haƙorin, pookila kuwa ba shi da ita. Ta biyu ita ce nonuwa: macen ɓeran gida tana da 10, macen pookila 4 kacal, duk a ƙasan mara. Wannan alama ta biyu ita ce ma ke amsa rabin tambayar da aka buɗe zancen da ita, domin tana nuna yadda kowannensu yake hayayyafa. Ɓeran gida yana ɗaukar ciki kwana 19 zuwa 21, 'yarsa tana isa haihuwa cikin mako 6 ko makamancin haka, kuma in akwai abinci da ɗumi ba ya tsayawa. Pookila cikinsa ya haura wata guda, 'ya'yan da yake haifa a lokaci ɗaya daga 1 ne zuwa 6, kuma yana da lokacin haihuwa, galibi daga ƙarshen sanyinsu wajen watan Agusta zuwa farkon sabuwar shekara. Macen da ke shekararta ta farko sau ɗaya take haihuwa a kakar, sai wadda ta kai shekara ta biyu ce ke iya yin uku ko huɗu, kuma da wuya su wuce shekara biyu a raye. Ka lissafa da kanka, Malam Ɗalibi: idan aka yi shekara biyu a jere babu ruwa, tsirrai ba su zubar da ƙwaya ba, matan ba su haihu da kyau ba, to tsofaffin sun mutu kuma babu masu maye gurbinsu. Ɓeran gida zai sake shigowa daga gonar maƙwabta. Shi kuwa wannan, garkensa na kusa yana iya kasancewa nisan kilomita masu yawa, ga tituna da gidaje a tsakani.

Ma'aikacin_Gona

Ni ina aiki a wata gonar alkama a cikin New South Wales lokacin annobar 2021, kuma ba na jin zan manta da ita. Da daddare in ka haska fitila a rumbun, ƙasa ce kake gani tana motsi. Sun cinye wayoyin injin girbi, sun lalata ciyawar da aka tara wa dabbobi bayan shekarun fari, warin kuwa ya kama tufafi da shimfiɗa har wanki ba ya fitar da shi. Maigidan da nake wa aiki dattijo ne mai haƙuri, amma na ga ranar da ya zauna a bakin rumbun ya kasa magana. Saboda haka ku yi mini uzuri, da na fara jin ana tara kuɗi don ceton ɓera raina bai so ba. Bayanin Likita ya sa na fahimci ba abu ɗaya ba ne. Sai dai wata damuwa ta taso mini: mun baza guba mai yawa a gonaki a shekarar, kuma a cikin duhu babu wanda yake duba haƙori ko ƙirga nono. Shin ba mu hallaka 'yan asalin tare da baƙin ba?

Malama_Tsirrai

Allah ya mayar da alheri, Malam, abin da kuka gani ba ƙarami ba ne. Game da pookila, yankin alkama yana can ciki nesa da teku, kuma gonar da aka share aka nome ba mazauninsa ba ce, don haka da wuya gubarku ta same shi. Damuwar da masana suka fi nunawa a lokacin ita ce ta tsuntsaye da sauran dabbobin da ke cin hatsin da aka shafa wa guba, ko masu cin mushen ɓerayen.

Ina so in dawo da mu kan abin da nake ganin shi ne zuciyar rayuwar wannan dabba, wato wuta. Hausawa suna cewa ɓera yana ganin raminsa ba ya yarda wuta ta ci shi, kuma pookila haka yake yi. Yana haƙa rami mai zurfi a cikin yashi, su kwana da yawa a ciki da rana, gobara ta wuce ta samansu. Dazukan da yake zaune sun saba da wuta tun fil azal, har akwai tsirran da irinsu mai tauri yake kwance a ƙasa shekaru, ba ya tsira sai zafin wuta ya fasa ɓawonsa. Bayan gobara, dangin wake na daji suna tsirowa da yawa su zubar da ƙwaya, ita ce kuwa babban abincinsa, ko da yake yana haɗawa da ganye da ƙwari da naman kaza na ƙarƙashin ƙasa idan ƙwaya ta yi ƙaranci. Barry Fox, masanin da ya daɗe yana bincike a yankin Myall Lakes na New South Wales, ya nuna cewa dabbobin suna shigowa ƙonannen wuri ne bi da bi: ɓeran gida ne ke fara zuwa, da tsirrai sun ɗan rufe ƙasa sai pookila ya yi yawa ɓeran gida ya ja baya, idan kuma dajin ya tsufa ya cushe sai wasu jinsunan su karɓe wurin. An ga irin wannan jerin har a filayen da aka haƙi ma'adinai daga yashi sannan aka sake dasa su. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a wurin da ya dace da shi, ɗan asalin ba rago ba ne a gaban baƙon.

Injiniya_Kabiru

To Malama, idan haka ne ai maganin a fili yake. Hukumomin gandun daji su raba dajin gida-gida, su riƙa ƙona wani sashe duk bayan 'yan shekaru, ta yadda kullum za a samu wurin da yake daidai da buƙatarsa. Me ya hana?

Yaya_Na_Melbon

Injiniya, an daɗe ana tunani haka, amma abin bai zo da sauƙi ba. Abin da aka gani a Myall Lakes bai zama doka a ko'ina ba. Dakta Phoebe Burns, wadda ta yi shekaru tana bin wannan dabba a Biktoriya, ta wallafa bincike a 2020 da ya nuna cewa ƙirga shekarun da suka wuce bayan gobara kaɗai ba ya isa a gane ko wuri ya dace da pookila, domin ana samunsa har a wuraren da suka daɗe ba su ƙone ba. Tsarin tsirran da yanayin ƙasar da ruwan sama duk suna da nasu tasirin.

Sannan akwai abin da ya canza tun zuwan Turawa. A da, wanda ya tsira a raminsa yakan fito ya fuskanci mujiya da maciji, waɗanda ya saba da su. Yanzu in ya fito filin ya zama toka, babu abin fakewa, ga kyanwar da ta koma daji, ga jar yanyawar Turai da aka saki a Biktoriya cikin shekarun 1870 don farauta, kuma an tabbatar cewa maharan nan suna bin ƙonannen wuri domin farauta ta fi sauƙi a can. Idan garken da ya rage a wuri bai wuce 'yan gomomi ba, ƙona wurin da niyyar gyara yana iya zama ƙarshensu. Gobarar 2019 zuwa 2020 kuma ta nuna wani abu: wuta mai faɗin da ba ta bar tsibiran kore a tsakiya ba, ba irin wadda dabbobin suka saba da ita ba ce.

Baba_Mai_Nazari

Ina da 'yar tambaya kan batun yanyawa. A Tasmaniya yanyawa ba ta kafu ba, amma a can ma dabbar ta yi ƙaranci ƙwarai. Wannan yana nuna mini cewa ba za a ɗora wa mahara laifin duka ba.

Malama_Tsirrai

Gaskiyarka Baba, ko da yake kyanwa tana Tasmaniya. Akwai wani maƙiyin da ba a gani da ido, kuma a matsayina na mai nazarin tsirrai shi ya fi tayar mini da hankali. Wata ƙwayar cuta ce mai suna *Phytophthora cinnamomi*, tana zaune a cikin ƙasa mai danshi, tana ruɓar da saiwa har shuka ta kasa shan ruwa ta bushe a tsaye. Ita ma baƙuwa ce a ƙasar. Tana kashe shukar banksiya da dangin wake da wata shuka mai suna *Xanthorrhoea*, wadda ganyenta sirara suke zubowa har ƙasa kamar bukka, ƙananan dabbobi suna fakewa a ƙarƙashinta. Na taɓa tsayawa a kan iyakar inda cutar ta kai a wani daji kusa da gaɓa: ta hannun dama komai kore ne a cushe, ta hagu kuwa shukokin sun zama ruwan ƙasa sun rushe, sai ciyawa mai kaifi ta maye wurin. Dajin bai ƙone ba, ba a sare shi ba, daga nesa ma kore ne, amma abincin da mafakar sun tafi. Taɓon da ya manne a takalmi ko tayar mota ya isa ya kai ta sabon wuri, shi ya sa ake ajiye buroshi da maganin wanke takalmi a bakin wasu hanyoyin daji, kuma da zarar ta shiga ƙasa fitar da ita ya gagara, sai dai a rage yaɗuwarta. A kan wannan sai a ƙara share gaɓar teku don gina gidaje, domin yashin da pookila yake so shi ne wurin da mutane suke so su zauna.

Ummu_Hanifa

Maganar kyanwa ta taɓa ni, domin ina zaune a wata unguwa da ke gefen daji a wajen Melbon, kuma muna da kyanwa wadda yarana suke ƙauna. Shekarun baya nakan bar ta ta fita da daddare, da safe in tarar da abin da ta ajiye a bakin ƙofa, ni kuwa ina murna cewa tana rage mana ɓeraye. Wata safiya ta kawo wata 'yar dabba mai dogon baki, maƙwabciyata ta duba ta ce ba ɓera ba ce sam, 'yar asalin ƙasar ce daga cikin masu jaka. Ba pookila ba ce, amma tun ranar na gane cewa ban san abin da take kashewa ba, kuma abin da take kawowa gida kaɗan ne daga ciki. Mun kewaye mata baranda da raga, ta yi kukan mako biyu ta saba. Daga baya na karanta ƙiyasin masana cewa kyanwoyi, na gida da na daji, suna kashe dabbobi masu shayarwa fiye da biliyan 1 a Ostireliya duk shekara.

Mai_Son_Harshe

Ku gafarce ni in ɗan karkata, amma yana da alaƙa da abin da Ma'aikacin_Gona ya ce game da yadda ransa ya ƙi jin ceton ɓera. Sunan da Turawa suka fara ba dabbar yana nufin ɓeran Sabuwar Holan, wato tsohon sunan da matuƙan jiragen Holan suka raɗa wa nahiyar a ƙarni na 17. A 1995 aka fito da shawarar a riƙa kiran ɓerayen ƙasar da sunaye daga harsunan mutanen asali, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kalmar ɓera tana sa mutane ƙyama tun kafin su saurara. Pookila ya samo asali ne daga kalmar "bugila" ta harshen Ngarigo. Wannan yana tuna mana cewa shekaru 100 da Baba ya ambata shekarun da masanan Turawa ba su gan shi ba ne, mutanen da suka zauna a ƙasar dubban shekaru suna da sunayen ƙananan dabbobinsu.

Baba_Mai_Nazari

Gyara mai kyau, na karɓa. Amma bari in koma kan zaton Ɗalibi, domin har yanzu ban ga an rushe shi gaba ɗaya ba. A 2021 kyamara ta ɗauki pookila a tsibirin Flinders na Tasmaniya bayan shekara 17 ba a gan shi ba. A wannan shekarar kuma binciken ƙwayoyin gado da Emily Roycroft ta jagoranta ya nuna cewa ɓeran Gould, wanda aka ɗauka ya ƙare tun ƙarni na 19, shi ne dai ɓeran da ke raye a wani tsibiri na Shark Bay a yammacin ƙasar da wani suna daban. Sau nawa za a yi wa dabba makoki sannan ta ɓullo?

Likitan_Dabbobi

Baba, da girmamawa, misalin ɓeran Gould yana iya zama hujja a kanka. Dabbar da a da ta bazu a faɗin nahiyar, aka wayi gari ba ta rage ba sai a tsibiri ɗaya, ai ba za a ce ƙirga ne ya yi kuskure ba, raguwar ta faru da gaske. Akwai kuma ɗan ɓeran tsibirin Bramble Cay, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a 2009, aka koma aka neme shi da tarko da kyamara ba a samu ba, gwamnati ta ayyana ƙarewarsa a 2019. Shi bai ɓullo ba.

Bambancin 1843 zuwa 1967 da yanzu shi ne a wancan lokacin kusan babu mai nema, yanzu kuwa ana nema a wuraren da aka san yana nan. A Biktoriya an san shi a wurare 12, ya ɓace daga 7. Anglesea da ke gaɓar tekun jihar na cikin wuraren da ya ɓace, kuma wuri ne da aka yi shekaru ana kama shi ana auna shi ana saki, sai adadin ya yi ta sauka a lokacin dogon farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1990, har aka daina samunsa a farkon shekarun 2000. Mutanen da suka san ramukansa ne suka neme shi suka rasa. Ragowar suna Wilsons Promontory da yankin Gippsland, a rarrabe, ba sa haɗuwa, don haka dangi na kusa ne ke barbarar juna, jinin yana raunana.

Yaya_Na_Melbon

Wannan batun na jini shi ne dalilin kiwon da Ɗalibi ya ambata tun farko. A 2022 gidan namun daji na Melbon da wani gidan kula da namun daji mai suna Moonlit Sanctuary suka fara haɗa waɗanda aka kamo daga wurare daban-daban domin 'ya'yan su gaji jini mai faɗi. A 2024 aka saki 28 a dajin da ke cikin lambun tsirrai na Cranbourne a wajen Melbon, inda rabon da a ga pookila tun 1976, kuma wurin yana da shingen da ke tare kyanwa da yanyawa.

Injiniya_Kabiru

Ina yaba ƙoƙarin, amma ina da shakka. Guda 28 a bayan shinge ba su gyara abin da ya kore su daga sauran wuraren ba. Cutar saiwa tana nan, fari zai dawo, kuma shinge yana buƙatar kuɗi da mai duba shi kullum. Ni a ganina kuɗin ya fi amfani a kare wuraren da dabbar take zaune da kanta a New South Wales, inda aka ce ta fi yawa.

Malama_Tsirrai

Ba na ganin ɗaya yana hana ɗaya, Injiniya, kuma na Biktoriya da na Tasmaniya sun saba da sanyi da tsirran kudu, har na Tasmaniya sun fi na arewa nauyi, don haka in sun tafi ba za a ɗebo na arewa a ce an mayar da abin da aka rasa ba. Sai dai na yarda da kai cewa a New South Wales ɗin ma ba a bin diddiginsa yadda ake yi a kudu, kuma kalmar "ya fi yawa" tana iya sa a yi sake.

Ɗalibin_Halittu

Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Game da Biktoriya na sauka daga zatona, domin bayanin Likita kan Anglesea ya gamsar da ni. Game da arewa kuwa, maganar Malama ta ƙarshe ta nuna cewa matsalar ƙirga tana nan, sai dai tana iya ɓoye raguwa kamar yadda take iya ɓoye yawa, abin da ban yi tunaninsa ba da farko. Yaya, tambaya ɗaya ta rage mini: sau nawa ake zuwa wuri a rasa shi kafin a rubuta cewa ya ɓace daga nan?

Yaya_Na_Melbon

Babu adadi guda da ya dace da ko'ina, ƙanena. Ana fara lissafa yiwuwar kama shi a dare ɗaya a wurin da aka tabbatar yana nan, kuma wannan yiwuwar tana sauyawa da watan da aka je da hasken farin wata da yawan garken. Idan garken ya ragu sosai, dararen da ake buƙata suna ƙaruwa, domin 'yan kaɗan ɗin da suka rage suna iya kewaye tarkuna duka. Jagorarmu takan rubuta "ba a samu ba" a takardarta, ba ta rubuta "babu", kuma wurin da muka yi kwana uku a tafiyar farko ba mu kama komai ba yana cikin jerin da za a sake komawa bayan ruwan sama mai kyau.